Wa zai gaji aikin? Yadda nake zaɓen firemwak kafin in gina shafin intanet

Tambaya biyu ke yawan zo mini daga wajen iyaye da malamai, tun da aka san sana'ata rubuta manhaja ce da gina shafukan intanet. Uba yakan ce: yarona ya samu bak, yana son koyon wannan aiki, wani ya ce masa ya kama React, wani ya ce Laravel, wanne ne na ƙwarai? Daraktan lakwal kuma yakan ce: mutum biyu sun kawo mana farashi don su yi mana shafin da za mu riƙa zuba makin yara, kowa na yabon kayan aikinsa yana kushe na ɗan'uwansa, wa za mu ba? A wajena amsar tambayoyin biyu daga tushe ɗaya take fitowa. Bayan shekarun da na yi a wannan aiki, abin da nake fara dubawa kafin in zaɓi kayan aiki shi ne mutumin da zai riƙe aikin ranar da ba na nan.

Bari in fara da bayanin abin da ake gardama a kansa, don akasarin masu biyan kuɗin ba a taɓa yi musu bayani ba. Kowane shafin intanet mai aiki yana da wasu buƙatu da ba sa canzawa. Sai an tantance mai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Sai an karɓi abin da ya rubuta a fom, a duba ko daidai ne, a ajiye shi a rumbun bayanai, a iya fito da shi gobe. Sai an toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Akwai, misali, wata tsohuwar dabara da ɓarawo ke rubuta umarni a gurbin da aka tanada don suna, in shafin bai da kariya sai rumbun ya bi umarnin ya zazzage masa duk abin da ke ciki. Maimakon kowane magini ya sake rubuta waɗannan abubuwa daga farko, wasu sun rubuta su sau ɗaya, dubban mutane sun gwada sun gyara, aka bayar kyauta. Wannan tarin kaya shi ake kira firemwak. Kamar magini ne da ya tarar an buga bulo, an ƙera ƙofofi da tagogi, shi nasa ya tsara ɗakuna yadda mai gida ke so. Sai dai wanda ya karɓi ƙofar wani maƙeri, dole ya yanka bakin ƙofa daidai da awon maƙerin. Firemwak yana sauƙaƙa aiki, yana kuma ɗaure mutum da tsarinsa na shekaru.

Gida biyu ne manya. Na farko su ne masu aiki a kan sarba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. A cikinsu akwai Ruby on Rails da David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, da Django da ya fito a 2005 da harshen Python, da Symfony na Fabien Potencier a Faransa shi ma a 2005, da Laravel na Taylor Otwell a 2011, waɗannan biyun na ƙarshe da harshen PHP. A wannan gida sarba ce ke dafa shafin ta aiko wa wayarka a dafe, waya nunawa kawai take yi. Gida na biyu su ne masu aiki a cikin wayar mai karatu da harshen JavaScript: AngularJS da Google ta fitar a 2010, React da Facebook ta saki a 2013, Vue da Evan You ya fitar a 2014. A nan ɗanyen kaya ake aiko wa wayar, da tukunya da murhu, ta dafa da kanta. In wayar mai ƙarfi ce kuma reso na da kyau, shafin yakan yi santsi ƙwarai, kamar manhajar da aka girka a waya. In wayar ƙarama ce kuma reso na rawa, mutum zai zauna yana kallon farin allo forfensa na tafiya.

Ga yadda zaɓin ke kasancewa a aikace. Wata lakwal mai zaman kanta, daga aji shida na kwaleji har ajin ƙarshe na lise, ta nemi in yi mata tsarin da malamai za su riƙa shigar da maki, a fitar da biltan a ƙarshen zango, a kuma san wanda ya biya kuɗin karatu da wanda ake bi. Iyaye su ma a ba su damar ganin sakamakon ƴaƴansu ta waya. Duk kayan aikin da na lissafa a sama za su iya wannan aiki, babu wanda zai gaza. Don haka tambayar wanne ya fi ƙarfi ba ta taso ba sam.

Na fara da masu amfani da shi. Uban da zai duba makin ɗiyarsa, wayarsa ta Android ce mai araha, cike da hotuna da saƙonnin WhatsApp, kuma forfe na yini ɗaya yakan saya. Abin da yake nema layi goma ne: lissafi kaza bisa 20, Faransanci kaza bisa 20, moyen kaza, matsayi a aji kaza. Ban ga dalilin da zai sa in tilasta wa wayarsa sauke tarin JavaScript kafin ya ga waɗannan layuka ba. Mushen da zai shigar da maki kuwa, yakan yi shi ne da dare bayan ya gama gyaran takardu, a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa. Shi buƙatarsa fom mai sauƙi da ke ajiye abin da ya rubuta nan take. Wannan kaɗai ya ishe ni in ajiye gida na biyu. Na san akwai hanyoyin rage wa React nauyi, irin su Next.js da ke sa sarba ta yi rabin aikin, amma wannan ƙarin kaya ne da wani zai koya a bayana.

Saura Django da Symfony da Laravel. In son raina zan bi, Django zan ɗauka, don shi hannuna ya fi sabawa da shi. Asalinsa a wata jarida aka ƙirƙire shi, Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison ke aiki, kuma buƙatar ƴan jarida ta sa ya zo da ofishin gudanarwa a shirye: da zarar ka bayyana masa mene ne ɗalibi, mene ne aji, mene ne maki, sai ya ba ka shafukan ƙarawa da gyarawa da sharewa ba tare da ka rubuta su ba. Ga aikin lakwal wannan babbar riba ce. Instagram ma da shi aka gina. Littafin bayaninsa akwai fassarar Faransanci a shafinsu.

Amma da na tambayi daraktan wa zai riƙa kula da tsarin in na miƙa shi, sai ya nuna mini wani saurayi da ke koyar da yara kwamfuta. Na zauna da shi. PHP ya sani, da rumbun bayanai na MySQL, ya kuma taɓa girka WordPress. Python bai taɓa aiki da shi ba. Haka kuma nake yawan tararwa a wajen matasan da ke fitowa daga makarantunmu na Yamai da Maradi da Tawa da Damagaram: in ka nemi wanda zai iya buɗe rubutun PHP ya gane, ba za ka sha wahalar samu ba. Ga kuma batun hayar wuri a intanet. Wuraren haya masu araha kusan duk suna karɓar PHP kai tsaye, saboda WordPress da Moodle da MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, duk da shi aka rubuta su. Tsakanin Symfony da Laravel kuma, a ganina Laravel ya fi sauƙin shiga ga wanda ke farawa, kuma shi kansa yana aro sassa da yawa daga Symfony. Sai na ɗauki Laravel, na ajiye wanda na fi ƙwarewa a kai. Aikin ya ɗan fi ɗaukar mini lokaci, amma saurayin nan yana zaune gefena tun daga ranar farko, kuma shi ya rubuta sashen fitar da rasit da hannunsa.

Zaɓin yana da tsadarsa, kuma na faɗa wa lakwal tun kafin a fara. Laravel yana fitar da sabon babban zubi kowace shekara, kuma kowane zubi shekara 2 ake yi ana toshe masa kafofin tsaro, daga nan a bar shi. Django yana da zubi na dogon zango da ake kula da shi shekara 3, na Symfony kuwa tsaronsa yana kai shekara 4. Ke nan wanda ya zaɓi Laravel ya yarda zai riƙa sabunta shafinsa akai-akai. Na gwammace wannan, tun da akwai mai yi a cikin gida, da in ba su abin da zai daɗe amma ranar da ya tsaya sai an nemo ni ko ina nake. Muka sa kuɗin sabuntawa na shekara-shekara a cikin yarjejeniya, a rubuce.

Matasa kan ce mu tsofaffin hannu tsoron sabon abu muke yi. Abin da idonmu ya gani ne ya sa muke taka-tsantsan. AngularJS na Google ne, kowa ya ɗauka abin da ke da irin wannan uban gida ba ya faɗuwa. A 2016 Google ta fitar da Angular 2, wanda aka sake rubutawa daga tushe, har ya zama shafin da aka gina da na farko ba ya hawa na biyu sai an yi masa babban aiki, kusan sabon gini. A ƙarshen 2021 aka daina kula da AngularJS gaba ɗaya. Python 2 an rufe babinsa ranar 1 ga Janairun 2020. Vue 2 an rufe nasa ranar 31 ga Disamban 2023. Create React App, wanda shekara da shekaru da shi ake koya wa masu farawa buɗe aikin React, masu React da kansu suka ce a daina amfani da shi a farkon 2025. A watan Maris na 2016 kuma wani magini ya janye wani ɗan guntun rubutu mai layi 11, mai suna left-pad, daga rumbun npm, sai dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa na wasu sa'o'i, saboda sun dogara da shi ba tare da masu su sun ma sani ba. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar CERN da HTML zalla, har yau yana buɗewa a kowace waya. Da tsohuwar zuma ake magani.

In an ce an daina kula da firemwak, shafin ba ya mutuwa ran nan. Yana ci gaba da aiki, shi ya sa mai shi ba ya farga. Abin da ya canza shi ne duk kafar da aka gano bayan wannan rana ba mai toshe ta, kuma ana wallafa labarin kafofin a fili, ɓarayi na karantawa. Gida ne da kowa ya san kwaɗonsa ya lalace, mai gida kaɗai bai sani ba. A shafin lakwal abin da ke ciki sunayen yara ne, da ranakun haihuwarsu, da lambobin wayar iyayensu, da bashin da ake bin kowane gida.

An sha kirana in ceto irin waɗannan marayun shafuka. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Wani haziƙin yaro ya gina shi da kayan da ake yayi a shekarar, ya yi kyau, an biya shi. Daga baya ya samu aiki a Yamai ko ya fita waje karatu, wanda ba laifi ba ne. Bai bar takardar bayani ba, kalmar sirrin sarba tana kansa, sunan shafin ma da adireshinsa aka yi rajista. Ranar da haya ta ƙare shafin ya ɓace, makin shekara uku ya bi shi. A irin wannan hali ban taɓa ganin an ce da wani firemwak aka zaɓa da ba haka ba. Abin da aka rasa magaji ne.

Wani abin da gardamar firemwak ke ɓoyewa shi ne wahalar aikin ba a nan take ba. A aikin lakwal ɗin nan, abin da ya ci mini lokaci sunaye ne. Yaro ɗaya a takardar haihuwa Chaïbou, a rajistar aji Chaibou, uwarsa kuma in ta rubuta da Hausa Sha'aibu za ta sa. Dole wurin nema ya gane mutum ɗaya ne. Ga haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda in ba a saita rumbun bayanai a kan UTF-8 ba sai su koma alamar tambaya a kan biltan. Tun da kundin da aka kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, wannan batu zai ƙara fitowa fili a takardun makarantu. Ga lissafin moyen, inda kowane darasi ke da nauyinsa kuma nauyin ya bambanta daga aji zuwa aji. Ga uban da ke da yara huɗu, ya kawo kuɗi dunƙule ya ce a raba musu, wata mai zuwa ya cika. Ga kwafin ajiya da dole a riƙa yi kullum a wani wuri dabam. Babu firemwak ɗin da ya san waɗannan. Sai mutum ya zauna da mai kula da kuɗi da malamai ya saurare su kafin ya taɓa kwamfuta.

Ba na cewa React ko Vue ba su da wurinsu. In aikin na buƙatar allo mai motsi sosai, irin wanda ake jan abu a ajiye, ko taswira mai canzawa, ko manhajar da za ta ci gaba da aiki in reso ya yanke sannan ta aika bayanai in ya dawo, to JavaScript mai yawa a cikin waya ya zama dole, kuma ni ma nakan ɗauke su. Gaskiya ne kuma tallace-tallacen aiki, musamman na kamfanonin waje da ke ɗaukar ma'aikata daga nesa, suna yawan neman React. Yaron da ke son irin wannan aiki zai koye shi, ya kamata ma ya koya. Magana ta a kan jeri ce, wato me ke zuwa kafin me.

Don haka iyaye, in za ku biya wa yaro kuɗin horo, kada sunan firemwak da aka rubuta a allon talla ya zama ma'auninku. Ku tambaya ko za a koya masa HTML da CSS da JavaScript zalla tukuna, da harshe ɗaya na sarba, PHP ko Python, da SQL na rumbun bayanai. PHP da JavaScript tun 1995 suke, Python tun 1991, SQL kuwa tun shekarun 1970. Firemwak nawa aka yi yayi aka bari a tsawon wannan lokaci, su suna nan. Wanda ya riƙe su, sabon firemwak aikin ƴan makonni ne a wajensa. Wanda ya fara da firemwak bai san abin da ke ƙarƙashi ba, ya iya tuƙi ne bai taɓa buɗe gaban mota ba, ranar da ta tsaya a daji sai ya jira mai wucewa. Ku kuma nemi a nuna muku aikin da ɗaliban baya suka yi, wanda ke kan intanet, ku buɗe shi da wayarku ku ga ko yana buɗewa. Cibiyar da ta yi alkawarin mai da yaro gwani cikin wata uku, jikkunanku take kallo.

Zuwan manhajoji irin su ChatGPT, tun ƙarshen 2022, ya ƙara wa wannan magana nauyi. Yanzu yaro zai iya cewa a rubuta masa shafi da kowane firemwak, a rubuta cikin daƙiƙa. Wani lokaci daidai, wani lokaci da kuskuren da ba ya nunawa sai an yi wata shida ana aiki. Mai iya karanta rubutun ne kaɗai zai gane bambancin, kuma iya karatun daga tushen nan yake zuwa.

Ku malamai kuma, tushen nan bai buƙatar intanet. Kwamfuta ɗaya tsohuwa, da manhajar rubutu irin Notepad, da burauza, sun isa a koya wa yara HTML da CSS da JavaScript na shekara guda. Ku ba su aikin da suka san kansa: jadawalin aji, lissafin moyen, rajistar littattafan ɗakin karatu. Ku sa wani ya karɓi aikin wani ya ƙara masa abu ba tare da ya tambayi mai shi ba. Nan yaro ke gane amfanin rubutu mai tsabta da suna mai ma'ana, don ya ɗanɗana wahalar gadon aikin da ba a bayyana ba. A ganina wannan darasi ya fi kowane firemwak daraja, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Darakta kuwa da ke da farashi biyu a kan teburinsa, ba sai ya san bambancin Django da Laravel ba kafin ya yanke shawara. Ya tambayi kowannensu: wannan zubin da za ka yi amfani da shi, har zuwa wace shekara masu shi za su kula da shi? In ba ka nan, wa ka sani a garin nan da zai iya karɓar aikin, za ka iya kawo shi mu gan shi? Sunan shafin da hayar sarba, da sunan lakwal za a yi rajistarsu ko da naka? Za ka ba mu rubutun manhajar gaba ɗaya da takardar bayani? Kwafin ajiya ina zai riƙa zuwa, kuma za ka gwada dawo da shi a gabanmu? Za mu iya fitar da makin yaranmu zuwa Excel duk ranar da muka so? Sannan ya karɓi wayar mai gadi ko ta wata uwa da ta zo biyan kuɗi, a buɗe wani aikin da maginin ya taɓa yi, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, ya kuma yarda a rubuta su a yarjejeniya, a ba shi aikin ko da farashinsa ya ɗan fi. Makin yara amana ce da za a nema bayan shekara goma, ranar da tsohon ɗalibi zai dawo neman takardarsa. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.